Filin Mata: Uwargida, Kin Taɓa Jin Labarin Surame?

Da yawa daga cikinku kun sha zuwa Argungu kallon su a Matan Fada, amma in na tambaye ku inda Kabawa suka fara kafa sarautarsu, sai a yi ta kallon juna. To, sunan wurin Surame. Yau kufai ne a tsakiyar daji, cikin ƙaramar hukumar Binji ta Jihar Sakkwato, kuma ba a kai masa sai an sha ƙura da gargada.

Muhammadu Kanta ne ya gina shi. Shi Kanta jarumi ne da ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, suka ɓata a kan rabon ganima wajen 1516, ya juyo ya kafa ƙasar Kabi. Yawancin biranen Hausa da jar ƙasa aka yi ganuwarsu, shi ya sa damina ta cinye su. Ta Surame kuwa da duwatsu da marmara aka ɗora ta, zagaye bayan zagaye. Shekara wajen 500 ke nan, amma akwai inda za ki tsaya ki ga duwatsun a jere kamar jiya magini ya sauka.

Ga abin da ya sa na kawo zancen a filinmu. Masu tarihin baka sun ce Kanta ya raba aikin ganuwar ga ƙasashen da ke ƙarƙashinsa. Nufawa suka makara, sai ya yanke musu hukunci su kwaɓa nasu rabon da man kaɗanya maimakon ruwa. Namiji in ya ji wannan, abin da zai ce shi ne, "Kai, Kanta ya isa!" Ke kuwa uwargida, kin san abin da ake sha kafin a sami ƙwarya guda ta man kaɗe: tsinto da asuba, shanya, suya, daka, niƙa, sannan a zauna ana bugu har kafaɗa ta sage. Su wa kike tsammani suka yi man da ya isa kwaɓin ganuwa? Littafin makaranta bai faɗi sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

A farkon ƙarni na 18 aka tashi daga Surame aka koma Birnin Kebbi. Mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, daga baya Kabawa suka tare a Argungu. Tun 1964 gwamnati ta sa kufan cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 2007 kuma aka miƙa sunansa ga UNESCO. Sai dai takarda ba ta hana saiwar itace tsaga bango.

In za a je, daga Birnin Kebbi a fara yada zango a Argungu, a shiga Gidan Tarihi na Kanta. Nan ce fadar sarakuna har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958. 'Yan makaranta, ku riƙe biro da takarda, akwai takubba da masu da tambura.

Shi Surame, da rani ake zuwa, lokacin sanyi ya fi. Kuma don Allah kada a tashi kai tsaye. Yankin Binji ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, saboda haka maigida ko shugabar makaranta su fara tuntuɓar hukuma da masu gari, in an ce a dakata, a dakata. In an sami izini, a tafi a ayari tare da ɗan jagora, a juyo kafin la'asar. A ɗauki ruwa da yawa da fura, domin babu mai talla a can. Takalmi mai tsini kuwa, amarya, a bar shi a gida, kunama na son ƙarƙashin dutse.