Gyaran Kiɗa a Cikin Fiyano da Tasirinsa a Kan Karin Waƙar Hausa

Manazarta waƙar baka sun daɗe suna kallon makaɗi da 'yan amshinsa da kayan kiɗansa a matsayin ƙungiya guda, wadda ke aiwatar da waƙa a lokaci ɗaya, a gaban jama'a. Wannan maƙala za ta duba wani tsari dabam wanda ya kankama a Kano a shekarun 1990, watau haɗa kiɗa da gyara shi a cikin na'urar da matasa ke kira fiyano.

Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, masu shirya finafinan Hausa sun bukaci kiɗa mai sauƙin kuɗi. Ɗakunan ɗaukar sauti irin na Iyan-Tama suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR, kuma karɓuwar da waƙar fim ɗin Sangaya ta samu a 1999 ta tabbatar da wannan salo. Daga birni ya bazu zuwa garuruwa irin su Wudil, inda mutum ɗaya da fiyanonsa kan ɗauke aikin ƙungiyar makaɗa sukutum.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, sashen da ke adana kiɗa a cikin fiyano, wanda ake kira sikwensa, ba sauti yake ɗauka ba. Umurni yake rubutawa: wane maɓalli aka taɓa, yaushe, da wane ƙarfi, kuma yaya tsawon riƙe shi. Wannan shi ne tsarin MIDI da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi a 1983, mai hanyoyi 16. Saboda haka mai fiyano kan jera kiɗansa layi-layi: ganga a layi guda, sarewa a wani, goge a wani. Muryar mawaƙi kuwa ba ta shiga nan. Daga baya ake ɗora ta, a da a kaset, daga bisani a kwamfuta.

Tun da umurni ne ba sauti ba, gyara ya zama abu mai sauƙi. Ana iya share bugu ɗaya da ya kauce, a sake buga gurbinsa kawai, kamar yadda maɗinkin babbar riga a Wudil kan warware zare ɗaya ba tare da ya taɓa sauran aikin ba. Ana iya kwafe amshi a maimaita shi sau goma, a mai da sarewa algaita, a ɗaga kiɗan ko a sauke shi don ya dace da muryar mawaƙiya, ko a ƙara masa sauri ba tare da amonsa ya sāke ba.

Gyaran da ya fi shafar ɗalibin harshe shi ne daidaita bugu. Na'urar kan raba kowane bugu gida-gida, biyu ko uku ko huɗu, gwargwadon zaɓin mai fiyano, sa'an nan ta ja kowace taɓawa zuwa gidan da ya fi kusa da ita. Manufa ita ce a kawar da rawar hannu. To amma karin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya: gaɓa mai nauyi kan ɗauki kimanin ninkin lokacin marar nauyi. Russell Schuh ya daɗe yana nazarin wannan, kuma maƙalar da ta fito da sunansa da na Bruce Hayes a 2019 a kan rajaz ta nuna yadda mawaƙa ke shimfiɗa gaɓoɓi a kan bugun kiɗa.

Mu ɗauki kalmar Wudil alal misali. Gaɓar farko, wu, marar nauyi ce. Ta biyu, dil, mai nauyi. In an rera ta a bugu ɗaya mai gida uku, wu ta ci gida ɗaya, dil ta ci biyu, kunne ya gamsu. In mai fiyano ya daidaita layin sarewar da ke bin waƙar a kan gida huɗu, sai na'ura ta jawo dil baya, rabon ya koma ɗaya da uku, kiɗan ya riƙa ɗingishi. In kuwa gida biyu ya zaɓa, gaɓoɓin sun zama daidai wa daida, bambancin nauyi ya ɓace ɗungum. A harshen da tsawon wasali kaɗai ke raba gari na zama da gari na tuwo, wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

Matsalar takan ƙaru saboda an juya tsarin biyayya. A ƙungiyar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, masu kalangu ne ke sauraron bakin mawaƙi. In ya ja ɗa, su jira shi, in ya sauko amshi, su tarye shi. A ɗakin ɗaukar sauti kuwa kiɗa ya riga ya kammala, mawaƙi ne zai bi shi. Inda ɗango ya fi gurbinsa tsawo, sai a matse gaɓoɓi; inda ya gaza, a ja wasali gajere har ya fita daga kamanninsa. A ganina, da yawa daga abin da ake zargin mawaƙan zamani da shi na karya Hausa, a nan ya samo asali, ba a rashin sanin harshe ba.

Akwai kuma batun karin sauti. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata, amo ya hau ko ya sauka, har ganga ta kwaikwayi magana. Maɓallan fiyano a tsaye suke, kowanne da amonsa. Gwanaye kan yi amfani da ɗan gargaren lanƙwasa amo da ke gefen hagu, su kuma bar layin kalangu yadda hannu ya buga shi, su daidaita layin babbar ganga kaɗai. Wasu samfurori ma suna ba da damar a ja bugu rabin hanya zuwa gidansa maimakon a kai shi gaba ɗaya.

Duk wanda zai nazarci karin irin wannan waƙa daga faifai, lalle ne ya tambayi mai fiyano gida nawa ya raba bugunsa, da kuma layukan da ya taɓa, kafin ya jingina abin da ya ji ga mawaƙi. In an dace faifan fulofin da aka adana aikin yana nan, ana iya kashe layuka a saurari kowanne shi kaɗai.