Tsaunukan Alps: Inda Afirka Ta Hau Kan Turai

Daga garin Zermatt na ƙasar Suwizalan, tsaunin Matterhorn ne ke fara cika wa baƙo ido, mita 4,478 a tsaye. Turawa na alfahari da shi, amma dutsen da ke ƙololuwarsa baƙo ne a Turai. Masana ilimin duwatsu sun gano cewa asalinsa wani yankin ƙasa ne mai suna Adria, wanda ya ɓalle daga jikin Afirka.

Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba. Manyan faifai ne da ke tafiya a hankali, 'yan santimitoci a shekara. A da can akwai teku tsakanin Afirka da Turai, wanda masana suka laƙaba wa suna Tethys. Afirka ta yi ta matsowa arewa tsawon miliyoyin shekaru har tekun ya rufe, duwatsu suka nannaɗe suna hawa kan juna, kamar tabarmar da aka tura ta ci karo da bango. Shi ya sa a gindin Matterhorn ake samun duwatsun ƙarƙashin tsohon tekun, na Adria kuma suna bisa. A tsaunukan Dolomites na Italiya ma, mutum zai hau sama da mita 2,000 ya tarar da ragowar halittun ruwa sun daskare cikin dutse.

Jerin tsaunukan Alps ya kai kusan kilomita 1,200, ya ratsa ƙasashe 8, daga Monako har Siloveniya. Mont Blanc ne babbansu, sama da mita 4,800. A shekarar 218 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Hannibal, jarumin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, ya ƙetara su da rundunarsa har da giwaye, ya afka wa Rum. Yau jirgin ƙasa ke bi ta cikinsu, ta ramin Gotthard mai tsawon kilomita 57 da aka buɗe a 2016.

A ganina, ƙanƙara ce babbar dukiyar Alps, ba tsayinsu ba. Kogunan Rhine da Rhône daga nan suke tasowa, kuma narkewar ƙanƙarar ce ke ciyar da su da bazara. Ga shi kuwa tana ƙarewa. A 2022 da 2023 kaɗai, kogunan ƙanƙarar Suwizalan sun rasa kusan kashi 10 cikin 100 na girmansu. Ɗumamar yanayi ce ummul'aba'isin wannan, amma ƙurar Sahara ma ta sa hannu. Iska kan kwaso ta, ta haye Bahar Rum da ita, ta zube kan dusar ƙanƙara ta mayar da ita ruwan ƙasa-ƙasa. Farar dusa tana mayar da hasken rana, wadda ta yi duhu kuwa zafi take sha, sai ta narke da wuri. An ga haka sosai a 2022.

Narkewar tana kwance abin da sanyi ya ɗaure. A watan Mayun 2025 duwatsu suka yi ta zubowa kan kogin ƙanƙarar Birch har ya ɓalle, ya binne yawancin ƙauyen Blatten na Suwizalan. Allah ya taimaka, hukumomi sun riga sun kwashe mazaunansa kusan 300 kwanaki kafin aukuwar abin.