Kumburin Ɓoye Da Ciwon Damuwa

Akwai kumburin da ido ba ya gani, yana cin jiki shekara da shekaru, kamar sanyin ƙashi ko ciwon dasashi da aka bari ba magani. Sinadaran da jiki ke fitarwa don yaƙar ciwon suna taɓa ƙwaƙwalwa, barci ya ƙaurace, walwala ta tafi. A Danmak, binciken 2013 kan mutum sama da miliyan 3 ya nuna masu irin wannan ciwo sun fi faɗawa ciwon damuwa daga baya.

To, 'yar'uwata ta Gude, in kuka ya yawaita ba dalili, kafin a ce iskokai ne, maigida ya kai ki asibitin Gwarzo. Ki faɗa wa likita duka biyun, ciwon gaɓoɓin da ƙuncin ran.