Kanti Ɗaya Ko Kantuna Da Yawa: Matsalar Raɗa Suna A Kasuwar Intanet

Duk wanda ya saba shiga manyan kasuwannin ƙasar nan ya san cewa kowace haja da mazauninta. Mai neman atamfa da shadda a Kano Kantin Kwari yake dosa, mai neman hatsi kuwa sai Dawanau. Ko a cikin kasuwa guda ma, layin 'yan turare daban yake da na 'yan kifi. Wannan tsohon tsari shi ne yau ya bi 'yan kasuwa har cikin intanet, inda ya haifar da wata tambaya da ke ci wa masu ƙaramin jari tuwo a ƙwarya: shin wanda ke sayar da haja iri-iri ya tara su a ƙarƙashin suna guda ne, ko kuwa ya buɗe wa kowace haja kantinta da sunanta da tambarinta?

Kasuwannin da ake magana a kansu su ne irin su eBay da aka kafa a Amurka a 1995, da Etsy da ta biyo baya a 2005 don masu sana'ar hannu, sai kuma Jumia da Konga waɗanda aka buɗe a birnin Ikko a 2012. A waɗannan wurare mai saye ba ya ganin fuskar mai kanti, ba ya kuma taɓa kaya da hannunsa. Abin da yake gani kawai shi ne suna, da hotuna, da kuma shaidar da waɗanda suka riga shi saye suka rubuta. Saboda haka suna a nan ya zama shi ne jarin farko.

Dabarar raba suna ba 'yan intanet ne suka ƙago ta ba. Kamfanin Nestlé shi ne mai Maggi, shi ne kuma mai Milo, amma bai taɓa yarda sunan ɗaya ya hau kan gwangwanin ɗaya ba, domin wanda ke marmarin shayi ba ya son a tuna masa da tukunyar miya. Haka nan lokacin da Toyota ta so shiga kasuwar motocin alfarma a 1989, sai ta fito da su da sunan Lexus. Shi ma Amazon da ya sayi Zappos mai sayar da takalma a 2009, bai goge wannan suna ba.

Hujjar masu goyon bayan rabawa a fili take. Matar da ke neman turaren wuta da humra don kayan lefe, idan ta shiga kanti ta tarar da su jere da cajar waya da kayan gyaran babur, nan take za ta yi shakkar ko mai kantin ya san sana'ar. Kantin da ya tsaya a kan abu guda kuwa yakan yi kama da na gwani, hotunansa da launinsa da kalamansa duk su dace da mutanen da yake nema. Bugu da ƙari, idan wata haja ta jawo ƙorafi, ƙurar ba za ta bi sauran ba, tunda masu saye ba sa ganin alaƙar kantunan biyu.

To, amma fa taura biyu ba ta taunuwa cikin sauƙi. Babbar asarar da mai raba kanti ke fara yi ita ce ta shaidar masu saye. Wanda ya shekara uku yana tara yabo a kanti guda, ranar da ya buɗe na biyu daga sifiri zai faro, domin yabon ba ya ƙaura. Ga kuma ɗawainiya. A Etsy kowane kanti sai da rajistarsa da adireshinsa na imel daban, kuma kowace haja da aka baje ana biyan santi 20 na dalar Amurka a kanta duk wata huɗu, ban da kashi 6.5 cikin 100 da kamfanin ya soma cira daga kowane ciniki tun watan Afrilun 2022. Wanda ya baje abu guda a kantuna biyu, sau biyu zai biya kuɗin bajewa. Sannan kowane kanti yana buƙatar a amsa saƙonninsa, a yi masa talla, a riƙe masa littafin lissafi, alhali kuwa mai shi mutum ɗaya ne mai hannu biyu.

Akwai kuma wani kuskure da wasu ke faɗawa ciki, wato zaton cewa sabon suna zai wanke tsohon laifi. Ko da masu saye ba su gane ba, masu kasuwar suna da bayanan banki da lambar waya da adireshin kowane mai kanti. Dokar Amazon ta yarda mutum ya riƙe rajista fiye da ɗaya ne kawai in yana da ƙwaƙƙwaran dalili na kasuwanci, ta kuma bayyana cewa laifin da aka samu a rajista ɗaya yana iya sa a rufe sauran duka.

A nan gida Nijeriya ma doka na da abin cewa. Yi wa sunan kasuwanci rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, abu ne daban da mallakar alamar kasuwanci, wadda ake nema a wani ofishi na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. An kasa alamomin zuwa aji 45: turare da man shafawa suna aji na 3, jakunkunan fata na 18, tufafi da takalma na 25, zuma da kayan yaji kuma na 30. Kowane aji da takardarsa da kuɗinsa, kuma rajistar farko shekara 7 take yi kafin a sabunta ta. Ke nan mai sunaye uku ya ɗora wa kansa hidima uku. Mai sayar da abinci ko kayan shafa da aka ƙunshe kuwa, lambar NAFDAC na jiransa ko da wane suna ya fito.

To, ina mafita? Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a dubi mai saye, ba hajar ba. Hula da takalmi da jakar fata abubuwa ne uku, amma mutum guda ne ke sayen su ranar jajibirin Salla, don haka inuwa guda ta ishe su, sai dai a kasa su rukuni-rukuni a cikin kantin. Amma kayan jarirai da maganin ƙwarin gona ba su da mai saye guda, haɗa su kuwa yana iya korar kowane ɓangare. A irin wannan hali ne rabawa ke da riba.

Har ila yau akwai hanya ta tsakiya, wato a riƙe sunan asali guda, a riƙa ƙara masa kalmar da ke nuna haja, yadda amanar da aka samu a kantin farko za ta yi wa na biyu jagora. Sai dai mai wannan niyya ya zaɓi gajeren suna tun farko, domin a Etsy, alal misali, sunan kanti ba ya wuce harafi 20.

Saboda haka ya kamata matasa da matan aure da ke tururuwar shiga wannan sana'a su tuna cewa sauri kan haifi nawa. Kada a buɗe kanti na biyu sai na farko ya tsaya da ƙafafunsa, yana biyan kuɗin kansa, kuma an sami wanda zai kula da sabon. Suna da tambari suna iya jawo mai saye ya leƙo sau ɗaya, amma kyawun kaya da cika alkawari ne kaɗai za su sa ya dawo.