Lissafi a Cikin Gangar Jima

Tun kaka da kakanni majeman ƙasar Kano da bagaruwa suke jima. Amma manyan masana'antun fata na Chalawa da Sharaɗa sun dogara ne ga gishirin kuromiyam, dabarar da Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884. Tana da sauri ƙwarai, sai dai fata ba ta shanye sinadarin duka. A aikin da aka saba, kimanin kashi ɗaya cikin uku yakan rage a ruwan ganga. Idan aka zubar da ruwan ba a tace ba, sai ya gangara Kogin Chalawa, wanda yake haɗuwa da Kogin Kano, ya ratsa Wudil, ya bi ta fadamun yankin Ajingi ya nufi Ringim. Kuromiyam ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Kwanciya yake yi cikin laka da ƙasar noma.

Me ya sa ake wannan asara? Shigar sinadarin cikin fata ta danganta ga tsamin ruwa, da zafinsa, da daɗewar juyin ganga. Akan fara da ma'aunin pH wajen 3 domin ya ratsa fatar, sa'an nan a ɗaga shi a hankali zuwa kusan 4 domin ya kama. In an yi gaggawa, sai ya tsaya a sama, cikin ya zauna ɗanye. Ga shi kuma fatar jar akuyar Sakkwato daban take da ta tunkiya, balle ƙirgin sa. Ruwan hunturu ba ɗaya yake da na bazara ba, wutar lantarki kuwa ba ta sallama in za ta ɗauke. Don gudun ɓarna, sai a riƙa zuba sinadari fiye da kima.

A nan ilimin sarrafa bayanai yake shigowa. Na'urorin awo suna rubuta tsami da zafi da ragowar kuromiyam na kowane zubi. Bayan an tara ɗaruruwan zubi, kwamfuta takan gano yadda waɗannan abubuwa suke tafiya tare, ta faɗi gwargwadon sinadarin da zubin yau yake bukata, da mintocin da za a ƙara idan ganga ta tsaya. Ragowar kuma ana iya kwantar da ita da sinadarin maganisiya, a narkar, a mayar cikin aiki.

Wahalar ba ta kwamfuta ba ce. Awo ne tilas a yi shi kullum, a rubuta gaskiya, har da zubin da ya lalace, domin shi ne yake nuna wa na'urar iyakar da ba a ƙetarewa.