Kafin Ka Tura Kuɗin Tsohuwar Ƙwandalar Azurfa a Intanet

Duk mai yawan leƙa kasuwannin intanet, ko a Facebook ne, ko eBay, ko zaurukan WhatsApp na masu harkar kayan tarihi, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wannan talla ba: hoton wata faffaɗar ƙwandala mai ɗauke da kan wata mace da lulluɓi, a bayanta gaggafa mai kai biyu, ga kuma shekarar 1780 a rubuce. Ƙarƙashin hoton sai mai kaya ya ce gadon kaka ce, ta haura shekara 240, matsi ne kawai ya sa zai rabu da ita.

Wannan ƙwandala ita ce liyari, kuɗin Mariya Tarisa, sarauniyar Ostiriya. An fara buga ta a 1741. Da sarauniyar ta rasu a 1780, fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha da Sudan sun riga sun saba da liyarin har ba su yarda da wata, don haka aka ci gaba da buga ta ba tare da an taɓa shekarar ba. An buga ta a Biyana, daga baya aka buga a Roma da Landan da Faris da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yau gidan buga kuɗi na Ostiriya bai daina ba. Ayarin Sahara ne ya riƙa kawo ta Borno da Kano daga Tarabulus. Lokacin da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka Kano a 1851, ana canjin guda a kan wuri 2,500. Maƙeran fari sun narka da yawa sun yi mundaye da zobba da kayan wuya, musamman a Agadas.

To, ka ga liyari mai 1780 tana iya zama ta zamanin Shehu Usmanu, tana iya zama ta bara. Azurfar tana iya zama ta gaske, amma labarin da aka ɗora mata ya zama ƙarya. Shi ya sa tambaya biyu ce a gaban mai saye, kuma kowace da hanyar amsa ta: shin azurfa ce? In azurfa ce, shin tsufan da ƙarancin da ake faɗa gaskiya ne? Yawancin mutane ta farko kaɗai suke yi, in ma sun yi.

Bari mu fara da azurfar, don ita ce mai sauƙi. Kowace ƙwandala da hukuma ta buga tana da nauyi da faɗi da kauri sanannu. Liyari giram 28.07 ce, faɗinta wajen milimita 40, kuma kashi 83.3 cikin ɗari nata azurfa ne. Tsohuwar dalar Amurka da ake kira Morgan giram 26.73 ce, faɗinta milimita 38.1, azurfarta kashi 90. Tsohuwar dalar Faransa, wato faran biyar na azurfa da mutanen Nijar suka sani, giram 25 ce cif. Riyal ɗin azurfa na Saudiyya da alhazai suka riƙa dawowa da shi a da giram 11.66 ne. Matsalar mai yin jabu ita ce tagulla da tutiya da baƙin ƙarfe duk ba su kai azurfa nauyi ba. In ya daidaita faɗi da kauri, nauyi zai gaza. In ya cika nauyi, dole ƙwandalar ta yi kauri ko ta yi faɗi fiye da kima. Don haka sikeli kaɗai bai isa ba, sai an auna ukun tare. Ƙaramin sikelin masu gwal da ke nuna ɗigon giram, da ma'aunin kauri irin na makanikai, sun wadatar. Ƙwandalar da ta sha hannu takan rage nauyi kaɗan, haka wadda aka huda don ado, amma a ce dalar da ba ta goge ba ta gaza da giram biyu ko uku, babu sauran magana.

Maganaɗisu ba ya kama azurfa. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wankan azurfa. Sai dai kada ka yi saurin murna in bai manne ba, domin tagulla da darma su ma ba ya kama su. Akwai kuma gwajin sauti da 'yan kasuwa suka dogara da shi a da: ka ɗora ƙwandalar a kan yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa gefenta, azurfa takan yi ƙara siririya mai ja, jabu kuwa ta yi wata gajeriyar ƙara ta mutu nan take. Ruwan gwajin da masu gwal ke ɗigawa ni ba na ba da shawararsa, don yana ɓata fuskar ƙwandala mai daraja, kuma in ba a kankare ba wankan da ke sama kawai yake karantawa.

Ido ma yana da nasa aikin. Kuɗin gaske buga shi ake yi da hatimin ƙarfe da matsi mai ƙarfi, shi ya sa haruffa ke fitowa tsaf. Jabu da yawa zuba su ake yi a mazubi, sai ka ga ƙananan ramuka kamar tabon zanzana, gashin kai da fukafukan gaggafa sun dagule, wani lokaci har da layin haɗi a kewayen gefe. Gefen nan shi ne inda mai jabu ya fi kasawa, kuma shi ne mai talla ya fi ƙin ɗauka a hoto. Liyari tana da rubutun Latin da ado masu tudu a gefenta. Morgan tana da tsage-tsage daidai wa daida. Ka kuma yi hattara da baƙin tsufa na shafe, wanda ke kwance ko'ina iri ɗaya kamar an goga shuni.

Tambaya ta biyu ilimi take so, ba na'ura ba, kuma a nan ne masu jabu ke yawan tona wa kansu asiri. Tsofaffin dalolin Morgan an buga su daga 1878 zuwa 1904, sai kuma 1921. Wadda ta zo da 1906 ko 1915 ba ta taɓa fitowa daga hannun gwamnatin Amurka ba. Haruffan CC alama ce ta gidan buga kuɗi na Carson City, wanda ya daina bugu a 1893, amma sai ka ga CC a kan ta 1896. Wasu kuma ƙwandalar gaske suke samu mai araha, su manna mata harafin da zai ninka farashinta. Dalar Amurka mai shekarar 1804 'yan ƙalilan kacal aka sani a duniya. Ba za ta faɗo hannunka ta WhatsApp ba. A nan gida ma haka ne. Sule da fataka na Afirka ta Yamma masu kan Sarki Joji na Biyar da bishiyar kwakwar manja an fara buga su da azurfa a 1913, daga 1920 aka koma gaurayen tagulla. Duk wanda shekararsa ta wuce 1920 ba azurfa ba ne, komai hasken da aka sa masa. Kwabo mai huji da anini kuwa ba a taɓa yin su da azurfa ba. Haka nan in ka ga an rubuta wai azurfar Jamus ce ko alpaca, suna ne kawai, gaurayen jan ƙarfe da nikel da tutiya ne, babu ɗigon azurfa a ciki.

Duk waɗannan gwaje-gwaje sai kaya na hannu ake yin su, sayen intanet kuwa cinikin biri ne a sama. Abin yi shi ne ka tsara cinikin yadda kuɗinka ba zai kuɓuce ba sai ka gwada. Fara da lissafi. A cikin liyari akwai zallar azurfa giram 23.39, kusan kashi uku cikin huɗu na oza ke nan. Duba farashin azurfa na ranar ka lissafa. Wanda ya sa kuɗi ƙasa da abin da maƙeri zai biya shi don narkawa, me ya hana shi kai wa maƙerin? Araha ba ta ado. Sannan ka nemi hoton gaba da baya da gefe, da bidiyon ƙwandalar a kan sikeli, kusa da takarda mai ɗauke da sunanka da kwanan wata. Sa hoton tallar a manhajar binciken hoto ta Google, sau da yawa za ka tarar daga shafin wani gidan gwanjo aka sato shi. Duba tun yaushe aka buɗe shafin mai sayarwa, kuma in yana da irin ƙwandalar da ya ce babu kamarta har guda ashirin, ka san inda aka dosa.

Wasu kayan sukan zo a rufe cikin kwanson roba mai tambarin PCGS ko NGC, kamfanoni biyu na Amurka masu tantance tsofaffin kuɗi. Kowane kwanso da lambarsa, ana kuma iya duba ta a shafin kamfanin. Amma masu jabu sun koyi kwafar kwanson har da lambar gaske, don haka inda kamfanin ya ajiye hoto, ka gwada shi da na tallar, tabo da tabo.

Wajen biya, kada ka yarda a janye ka daga dandalin da ke da tsarin mayar da kuɗi zuwa tura kuɗi kai tsaye a asusun wani, ko da an yi maka ragi. In gari ɗaya kuke, ku haɗu a rumfar maƙerin fari ko mai gwal da ka amince da shi, a auna a gabanku. Mai kayan ƙwarai ba ya gudun sikeli. Wanda ya ce "Alhaji, yi sauri, akwai mai zuwa da kuɗi yanzu," ka ce masa Allah ya ba da sa'a, ya sayar wa wancan.

In kaya sun iso, ɗauki bidiyo tun daga buɗe ƙunshin, ka auna a ranar, kada ka wanke ko ka goge, don gogewa na karya darajar ta gaske kuma tana ba mai sayarwa hujjar ƙin karɓa. In ta tabbata jabu ce, kai ƙara ga dandalin da bankinka kafin wa'adin mayarwa ya cika, ka sanar da 'yan sanda ko EFCC in a Najeriya kake. Kada kuma ka nemi fanshe asararka a kan wani: wanda ya sayar da jabu yana sane, shi ma ɗan damfara ne a gaban doka.