Idan Sifirin Ya Karye a Hanya: Mota Ta Gyaru, Mai Gyara Ya Tsira

Duk wanda ya saba bin hanyoyin da suka haɗa Hawata da ƙauyukanmu na bakin Kogin Rahad ya san halin ƙasar nan. Baƙar laka ce. Da damina, watau daga watan Yuni zuwa Oktoba, sai ta jiƙe ta zama taɓo, taraktoci da manyan motoci su bi su tona ta. Da rana ta buga kuwa, sai ramukan su bushe su sandare, ƙasar ta tsattsage. To, a daidai wannan lokaci ne ake kwasar dawa da riɗi daga gonaki, kuma a lokacin ne ake labta wa motoci kayan da suka fi ƙarfinsu.

A da, jirgin ƙasa shi ne babban abin sufurin wannan gari, tun da aka gama shimfiɗa layin dogo tsakanin Gadarif da Sinnar a 1929. Da jirgi ya ja baya, sai aikin ya koma kan manyan motoci da kuma a-kori-kura, wadda a nan Sudan muke kira boksi. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke kai 'yan biki. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya rufe kasuwannin kayan mota na Hartum, kayan gyara suka yi tsada, mutane suka koma lallaɓa abin da ke hannu. Saboda haka ne muka ga ya dace mu yi magana a kan ɓarnar da ta fi samun boksi, watau karyewar sifirin na baya, wanda makanikanmu ke kira yay da Larabci.

Abin da muka gani da idonmu

Wata kaka muna cikin boksi tsakanin Hawata da Mafaza, sai muka ji ƙara a baya, mota ta karkata gefe guda. Direba ya tsaya, ya kafa jak a kan ƙasa haka nan, kaya suna sama, ya ce wa yaron motarsa ya shiga ya duba. Yaro ya kwanta ya kutsa. Wani dattijo da ke cikinmu ya lura gindin jak yana nutsewa cikin tsagar ƙasa, ya kama ƙafar yaron ya fizgo shi, yana cewa, "Fito ɗana, fito!" Ko tashi zaune yaron bai yi ba, jak ya goce, mota ta zauna daidai inda ƙirjinsa yake a da. Direba ya rasa ta cewa, sai "Baba, Allah ya saka da alheri" kawai yake maimaitawa. Ba kullum ake dace da irin wannan dattijo a cikin fasinja ba.

Aikin sifirin da dalilin karyewarsa

Sifirin falle-fallen ƙarfe ne da aka jera, dogo a sama, gajeru na biye, aka ɗaure su da ƙusa guda a tsakiya. Falle mafi tsawo shi ne uwa, kuma shi ke da ido biyu da ake maƙalawa a jikin shasi. Wasu ƙarafa masu siffar harafin U su ke ɗaure shi da aksul, watau ƙarfen da tayoyin baya ke jikinsa. Aikinsa biyu ne: yana ɗaukar nauyi, kuma yana riƙe aksul a mazauninsa. Shi ya sa idan uwar ta karye, aksul yakan zame, mota ta riƙa tafiyar kaguwa, tiyon birki yana iya tsinkewa, taya kuma ta goga jikin bodi.

Babban dalilin karyewa shi ne lodi. Boksi irin Toyota Hilux an ƙera ta ne ta ɗauki kimanin tan 1, buhun dawa kuwa kilo 90 ne. Ke nan buhu 11 sun cika ta, tun ba a lissafa mutanen da ke zaune a bisa ba. Na biyu shi ne sakin ƙarafan U. Idan suka yi sako-sako, sai fallayen su riƙa lanƙwasa a daidai ramin ƙusar tsakiya, nan ne kuma suke karyewa. Na uku shi ne laka da ke maƙalewa tsakanin fallaye ta kawo tsatsa.

Kafin kowa ya shiga ƙarƙashi

Da farko a sauke mutane da kaya duka, ko da za a ɓata lokaci. A nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, nesa da tsaga. A sa giya, a danne tayoyin gaba da weji gaba da baya, domin birkin hannu tayoyin baya yake kamawa, da zarar an ɗaga su kuwa ba shi da sauran amfani. A sassauta notocin taya tun tana ƙasa. A shimfiɗa faffaɗan katako mai kauri, a ɗora jak a kai. Idan mota ta tashi, a tokare shasi da ƙafafun ƙarfe na makanikai, ko da guntayen icce masu ƙwari da aka jera a kwance. Kada a yi amfani da tubali ko bulo, gama sukan farfashe ba tare da sun ba da alama ba. Tayar da aka cire a tura ta ƙarƙashin shasi, ta zama kariya ta biyu. Sa'an nan a girgiza motar da ƙarfi, in ba ta motsa ba, a fara aiki. Jak na ɗagawa ne kawai, ba na riƙewa ba ne.

Idan a daji ne babu sabon falle, abin da za a iya yi shi ne a cusa guntun icce tsakanin aksul da shasi, a ɗaure da sarƙa don kada aksul ya zame, a duba tiyon birki, a lallaɓa a hankali zuwa gari, ba kaya ba fasinja.

A wurin makanike

Bayan an tokare shasi, sai a tallafi aksul da jak daban, a kwance ƙarafan U da ƙusoshin ido biyu, a fito da sifirin. Kafin a kwance ƙusar tsakiya lalle a matse fallayen da abin matsewa, a riƙa sassautawa sannu-sannu, domin a lanƙwashe suke da ƙarfi a cikinsu, suna iya tsalle su fasa wa mutum fuska ko yatsu.

Kada mai mota ya yarda a yi wa falle walda, kome tsadar sabo. Ƙarfen sifirin an gasa shi ne aka horar da shi a masana'anta don ya lanƙwasa ya komo. Wutar walda takan kashe wannan horo, sai ya sake karyewa a gefen ɗinkin, sau da yawa ma mota tana cikin gudu. Araha ba ta ado. A sa falle mai faɗi da kauri da tsawo daidai da na da, kuma in da hali a gyara ɓangarorin biyu tare, don kada mota ta karkata. A sa sababbin ƙarafan U, gama tsofaffin sun riga sun miƙe. A tabbata kan ƙusar tsakiya ya zauna cikin raminsa, a ɗaure notoci bi da bi. Ƙusoshin ido kuwa sai an sauke mota ta tsaya da ƙafafunta za a ƙarasa ɗaure su, in ba haka ba robobin ciki za su murɗe su yage. Bayan tafiyar kwana ɗaya ko biyu a sake bin notocin da sifana.

Wasu sukan ƙara fallaye don mota ta ɗauki kaya da yawa. Su sani ƙarin falle ba ya ƙara wa birki ko taya ƙarfi, sai dai ya mai da wahalar kan shasi.

Karyayyen falle ba asara ba ne gaba ɗaya. Maƙeranmu suna saye su ƙera wuƙa da gatari, a Kasala ma da irinsa ake ƙera takuba. Yaron mota kuwa ɗan wani ne, amana ce a hannun direba. Muna roƙon iyayen gidan mota su tanadi katako da weji da sarƙa a kowace boksi kafin kaka ta kama. Allah ya kiyaye hanya, amin.